Hana-Sallah a Ƙasar Hula: Zagayen Shagunan Honolulu da Hilo

Daga Los Angeles zuwa Honolulu, babban birnin jihar Hawai ta Amurka, tafiyar awa biyar da rabi zuwa shida ce a jirgin sama, kuma ba abin da ke ƙarƙashinka sai ruwa. Agogon Hawai yana bayan na Kano da awa 11, don haka lokacin da ake kiran la'asar a gida, can asuba ce ke ƙoƙarin yi. Abu na farko da Bahaushe zai gyara a bakinsa shi ne kalmar hula. A wurinsu hula rawa ce, ta gargajiya, mai malamai da makarantu da ƙa'ida. Idan ka shiga shago ka ce hula kake nema, wurin kallon rawa za a kwatanta maka. Abin sawa a ka sunansa pāpale.

Na je ne don in ga tufafin samarin gari: tishat, hular hana-sallah, rigar sanyi mai hula, gajeren wando da silifas. Silifas ɗin ma kusan sunanmu ɗaya, silifa suke cewa, kuma a ƙofar gida ake tuɓe shi kamar yadda muke yi. Cikin kwana biyu na farko na gane kasuwa biyu ce ke ci a gari ɗaya. Akwai wadda aka shirya wa baƙo, akwai ta ɗan gari, kuma zanen da ke jikin kaya shi ke raba su tun kafin a zo maganar farashi.

Ta baƙo tana unguwar Waikiki, a kan titin Kalākaua da lungunansa. Nan za ka ga riga mai abarba, da aku, da bishiyar kwakwa rana na faɗuwa a bayanta, da farin furen nan mai ruwan ɗorawa a tsakiya da ake kira fulumeriya. Kaya ne masu ɗaukar ido, amma yawancin abin da aka zana ba ɗan asalin tsibiran ba ne. Abarba daga Kudancin Amurka ta zo. Fulumeriya sai a 1860 aka kawo ta. Mai zanen da yake yi don 'yan gari wasu tsirrai yake nema: lehua, jan fure mai kama da gezar zare da ke fitowa a bishiyar ʻōhiʻa, ganyen ʻulu mai yatsu, wata bishiya mai 'ya'ya kamar ƙwallo da ake dafawa a ci, naupaka, furen da kullum rabi yake fitowa, da ganyen kalo, wato gwazarmu. Gwaza a wurinsu ta wuce abinci, domin a labarin asalinsu ita ce yayan ɗan Adam, daga kabarin ɗan fari ta tsiro kafin a haifi ƙanensa Hāloa wanda mutane suka fito daga tsatsonsa. Wanda ya sa ganyen gwaza a goshin hularsa yana faɗin daga inda ya fito ne. Furen jihar kuwa dangin yakuwa da rama ne, amma mai ruwan ɗorawa, maʻo hau hele, wanda aka tabbatar a 1988. Jan da ke cika rigunan 'yan yawon buɗe ido ba shi ba ne.

Kafin hula sai da na fara da rigar aloha, shat ɗin nan mai zanen furanni, don ita ce uwa. A titin Kapahulu akwai shagon Bailey's, inda riguna sama da dubu 15 ke rataye har da ƙyar mutum ke ratsawa. Mai ɗaga gwanjo a Ƙofar Wambai ya san irin rigar, tana faɗowa jefi-jefi cikin dilar shat, sai dai a nan an jera ta bisa shekaru da kuɗi. Tarihinta a rubuce yake. A ranar 28 ga Yunin 1935 shagon Musa-Shiya, na wani tela ɗan asalin Japan, ya buga tallar rigar aloha a jaridar Honolulu, farashi daga santi 95. Ba a daɗe ba bayan haka Ellery Chun, ɗan kasuwa ɗan asalin Sin, ya yi wa sunan rajista. Rigunan farko da yadin kimono aka ɗinka su. Kafin su akwai palaka, yadi mai kauri mai gidajen dara shuɗi da fari, wanda leburorin gonakin rake da abarba da makiyayan shanu ke sawa don kaifin ganye. Yau palaka ta dawo a jikin hula da jaka da gajeren wando, kuma ɗan gari na ganinta yake tuna kakansa da ya zo daga Japan ko Filifin ko Fotugal don aikin rake.

Duba rigar aloha ba wuya idan ka san inda za ka sa ido. Fara da aljihu. A rigar kirki zanen aljihu yana haɗuwa da na ƙirji har sai ka shafa kafin ka san akwai aljihu a wurin. Wannan yana cin yadi, domin sai mai yanka ya nemo daidai inda zanen ya maimaita kansa, shi ya sa masu araha ba sa yi. Sai gaban rigar: idan an ɓalle maɓallai, furen da ya fara a dama ya ƙarasa a hagu. Maɓallan kansu na ɓawon kwakwa ne ko na ƙwaryar kifi ko gora, kuma na kwakwa na gaske ba biyu da suke kama ɗaya, na roba mai kwaikwayo kuwa duk tambarinsu ɗaya. Juya cikin rigar ka duba ɗinkin gefe. Idan an naɗe bakin yadin an bi shi da layi biyu, zai jure wanki. Idan zagayen obalok ne kawai, ka san ajin da kake. Yadi iri uku ne ke yawo. Reyon yana da sanyi da zuba a jiki, amma idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, yana shiga a ruwan zafi, matsa shi kuma na ɓata shi. Auduga zalla tana shan gumi tana yamutsewa. Gamin auduga da foliyesta ba ya son guga sosai, amma ya fi riƙe zafi. Tsofaffin reyon na shekarun 1940 da 1950 su ne masu tsadar, daga ɗaruruwan daloli har dubbai, kuma a sama can ake rataye su inda hannu ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne juya yadi. Kamfanin Reyn Spooner, wanda ya buɗe shago a cibiyar kasuwanci ta Ala Moana a 1959, shi ya yi suna da ɗinka riga da bayan yadi a waje, gabansa a ciki. Launin sai ya fito a dushe, kamar rigar da rana da gishiri suka daɗe suna ci. Telan da bai sani ba zai ce kuskure ne. Amma ita ce rigar ma'aikacin banki da lauya a tsakiyar Honolulu, musamman tun 1966 da aka fara al'adar sa rigar aloha ranar Juma'a a ofisoshi. Ƙa'idar a taƙaice: mai ƙyalli ta baƙo ce, mai dushewa ta ɗan gari.

Tufafin titi na yanzu daga bakin ruwa suka taso. Shagunan masu hawan igiyar ruwa su suka fara buga tambarinsu a tishat da hula: T&C Surf a Pearl City da HIC a Kailua, duka a 1971, sai Local Motion a 1977. Bayan shekara 2000 wani sabon sahu ya shigo, yaran allo mai taya da masu tara takalma. In4mation ta fara a 2002, an fi saninta da haruffa biyu, HI, waɗanda suke gaisuwa a Turanci kuma su ne taƙaicen sunan jihar. Fitted ta buɗe a 2005 a titin Kona, bayan Ala Moana, kuma hula ce sana'arta, tana zana nata, kamfanin huluna na Amurka New Era na ɗinka mata. Lamba 808 da ake gani ko'ina lambar wayar jihar ce, guda ɗaya tal ga duk tsibiran. Akwai dalilin da ya sa take da farin jini haka. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai da ke zaune a sauran jihohi sun fi waɗanda suka rage a gida yawa, tsadar rayuwa ta kore su, har Las Vegas ake yi wa laƙabi da tsibiri na tara. Mutumin da ke aiki a hamadar Nebada yana son abin da zai sa a ka ɗan'uwansa ya gane shi daga nesa. Shi ya sa ake fitar da hula kaɗan-kaɗan, a sanar da rana da sa'a a intanet, kafin ka ankara masu matsakaicin kai sun kwashe, sai manya da ƙanana suka rage.

A nan ya kamata a zauna a kan hular kanta. Samfurin New Era da ake kira 59FIFTY tun 1954 yake. Falle shida ne, biyun gaba an manna musu ƙyalle mai tauri daga ciki, irin wanda teloli ke sawa a kwala, shi ke sa goshin ya tsaya. Kowane falle yana da ƙaramin rami na shan iska, akwai maɓalli a tsakar ka, bakin kuma shimfiɗaɗɗe ne da layukan ɗinki takwas, cikinsa roba. A ciki akwai tef da ke rufe kowane ɗinki, da zagayen da ke shan gumi. Ba ta da maɗauri a baya, don haka sai ka san lambarka. Lissafin mai sauƙi ne ga wanda ya saba sayen zanna ko kube: raba incin kanka da 3.14. Mai inci 22 lambarsa 7, wato santimita 55.8. Mai 22 da uku bisa huɗu lambarsa 7¼, santimita 57.7. Mai 23 ya nemi 7⅜, santimita 58.7. Mai 23 da rabi 7½, santimita 59.6. Sai dai hana-sallah tana sauka ƙasa fiye da hularmu, don haka a auna da tef daga tsakiyar goshi, yatsa ɗaya a saman kunne, a zagaye ta tudun ƙeya. Idan awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Kuma ka gwada wadda za ka biya ɗin, domin hula biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a kai. Ta ulu tana shiga idan ta sha gumi ta bushe, ta foliyesta ba ta motsi. Mai sayen tsaraba wanda bai san kan mai ita ba, gara ya ɗauki mai maɗaurin roba a baya.

Surfanin goshi shi ne rabin kuɗin. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai mai tudu. Mai tudun ana ɗora soso mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a kan yadin, injin ya rufe shi da zare a matse, allura ta yanke gefensa, a yage ragowar. Inda ake samun matsala guda uku ne. Idan zaren bai matsu ba, soson zai leƙo ta kusurwar harafi, musamman idan launinsa ya saɓa da na zaren. Idan zanen na da ƙananan layuka, kamar gezar furen lehua, tudu ba ya karɓarsa, sai ya dunƙule ya koma jan ƙwallo, don haka lehua mai kyau da shimfiɗaɗɗen surfani ake yin ta. Na uku, ɗinkin tsakiyar goshi yana ture allura, sai ka ga harafin tsakiya ya karkace. Riƙe hular a daidai idonka ka duba ko tambarin ya raba ɗinkin nan biyu daidai. Sannan ka leƙa ciki. Masu yi don 'yan gari suna ɓoye ado inda sai mai hular ke gani, a ƙarƙashin baki ko a tef ɗin ciki, yayin da wajen yake baƙi ko ruwan toka.

Gaskiya hular nan mai tauri ta fi dacewa da yamma. Honolulu tana kan digiri 21 ne arewa da tsakiyar duniya, a Mayu da Yuli rana na tsayawa a tsakar ka har sanda ta rasa inuwa. Da rana abin da na fi gani a kan masunta da masu aikin gini shi ne mai soso a gaba da raga a baya, ko mai falle biyar ta nailan marar tauri wadda ake cusawa a aljihu. Masu shiga ruwa suna ƙara igiyar haɓa. Duk wadda ke da ƙarfe a ramukan iska ko a maɗauri, iskar gishiri za ta sa ta tsatsa, tsatsar kuma ta zuba a yadi ba ta fita. A shagunan masu suna hula tana kaiwa dala 40 zuwa 50 da 'yan kai, tishat talatin da wani abu, kuma farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, a Oʻahu, tsibirin da Honolulu take, ana ƙara harajin kashi 4.712 cikin ɗari a wurin biya.

Tambarin da ya fi yawa a waɗannan huluna shi ne Kamehameha, sarkin da ya haɗe tsibiran a ƙarƙashin sarauta ɗaya a 1810, da hannunsa a miƙe kamar yadda mutum-mutuminsa yake a gaban tsohon ginin kotu, daura da fadar ʻIolani. Sai tuta mai layi takwas, fari da ja da shuɗi, da tutar Birtaniya a kusurwa. Layukan na manyan tsibirai takwas ne. Idan ka ga tutar a kife a jikin riga ko a bayan mota, ba kuskuren mai bugu ba ne. Alamar neman agaji ce, kuma magana ce a kan 17 ga Janairun 1893, ranar da wasu 'yan kasuwa fararen fata, da sojojin ruwan Amurka a bayansu, suka kifar da Sarauniya Liliʻuokalani. Amurka ta haɗe ƙasar a 1898, ta mai da ita jiha a 1959, a 1993 kuma majalisarta ta nemi afuwa a rubuce. Akwai wata tutar mai kore da ja da ruwan ɗorawa da masu fafutukar 'yan ƙasa ke ɗauka. A ganina baƙo ya sayi lehua, ya sayi tsuntsu, ya sayi 808 in yana so, amma kifaffiyar tuta da rubutun da ke cewa mai rigar ɗan asalin ƙasa ne, ya bar wa masu su. A can Hawaiian jini ne, wanda aka haifa a tsibirin ma in ba shi da jinin ba ya kiran kansa haka.

Wanda ke son sanin inda alwatika da layukan nan masu kama da haƙoran zarto suka samo asali, ya ba gidan tarihi na Bishop rabin yini. An kafa shi a 1889. A nan ake ganin kapa, tufar da ake yi da ɓawon bishiyar wauke: a ɓare, a jiƙa, a yi ta bugu da sanda mai fuska huɗu har ya baje. Fuskokin sandar suna da sassaƙa, bugun ƙarshe yana barin zane a cikin jikin tufar wanda sai an ɗaga ta ga haske ake gani. Daga nan a yi ado da siraran hatimai na gora, ana tsomawa a rini ana dangwalawa ɗaya kusa da ɗaya. Ruwan ɗorawa daga gangamau, baƙi daga ƙunar 'ya'yan bishiyar kukui. Da ka ga wannan za ka gane dalilin da ya sa zanen 'yan gari yake tafiya a jere yana maimaita kansa, da ɗan karkacewar hannu da ake bari da gangan. A ɗakin ne kuma ake ganin alkyabbar sarakuna ta gashin tsuntsu, ja da ruwan ɗorawa. Launukan sarauta ke nan, su ne kuma suka koma tishat.

Kasuwar araha tana filin ajiye motoci na filin wasan Aloha, tana ci Laraba da Asabar da Lahadi. A je da sassafe, domin kwalta ce, hantsi na yi take fara gasa ƙafa. Nan ake sayar da tishat a haɗe, uku ko huɗu a kuɗin guda ɗaya ta shago. Ba laifi ba ne a saya, in dai an san abin da ake saya. Kama wurin bugun ka ja shi a hankali da hannu biyu. Idan ya tsattsage, tawadar ba ta gasu ba. Tawadar roba da ake bugawa ta raga tana bukatar zafin da ya kai digiri 160 ta ratsa har ƙasa, in ba ta samu ba, wanki kaɗan za ta fara zuba. Shafa bayan hannunka a kai: babban zane mai kauri kamar leda zai hana iska shiga, bayanka ya jiƙe. Tawadar ruwa ita ke shiga cikin zare har ba ka jin ta, ita ce ta ƙasar zafi. Idan gefen zanen na da bakin da farce ke kamawa, manne ne na guga, zai ɓare. Rigar foliyesta mai zane ko'ina kuwa a ɗaga hammatarta, idan akwai fararen tsaga, bayan an ɗinka aka buga. Nauyin yadi giram 180 zuwa 200 a murabba'in mita ya isa, abin da ya gaza 150 yana saurin sakin wuya.

Sai lakabin wuya. Dokar jihar ta ce ba a rubuta wa kaya cewa a Hawai aka yi su sai kashi 51 cikin ɗari na darajar sarinsu a cikin jihar aka samar. Don haka za ka ga ana zagaye maganar: an zana a Hawai, an buga a Hawai. Ba ƙarya ba ce, amma rigar daga wata ƙasa ta zo. Hanya mafi sauri ta kama mai kwaikwayo ita ce rubutu. Harshensu haruffa 13 ne, ɗaya daga ciki ʻokina, tsayawar maƙogwaro irin ta sa'a da jama'a a Hausa, ga kuma layin da ake ɗorawa a kan wasali don a ja shi. Pau na nufin an gama, paʻu kunkunniya, pāʻū kuma zanen ɗaurawa na mata. Wanda ya san zafin a rubuta masa kasa a wurin ƙasa zai fahimta. Harshen da aka fitar daga makarantu a 1896, bai dawo harshen hukuma ba sai 1978, masu shi ba sa wasa da ɗigonsa.

Daga Honolulu zuwa Hilo, a babban tsibiri, minti 50 ne a sama. Gari ne na ruwa, yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, ninkin na Kano sau uku da ɗoriya. A titin Kamehameha da ke fuskantar teku shagon Sig Zane yake, wanda ya kafa a 1985 tare da matarsa Nalani Kanakaʻole, malamar rawar hula. A nan hula da hula suka haɗu, domin tsirran da yake zanawa su ne waɗanda masu rawa ke tsinkowa don ado da waɗanda ake ambata a waƙoƙin rawar. Da hannu ake yanka zanen, a mayar da shi raga, a buga da launi ɗaya ko biyu, ganye babba da fili a kewayensa. Riga tana haura dala 100. Ɗansa Kūhaʻo shi ya ja gidan zuwa huluna da takalma da haɗin gwiwa da shagunan samari. Wanda zai zo a makon da ke farawa da Ista, lokacin gasar rawar hula ta Merrie Monarch, ya kama masauki da watanni, kuma ya shirya bin layi. Lehua da ke jikin kayan nan tana cikin hatsari: tun 2014 aka gano wata cutar fumfuna da ta kashe bishiyoyin ʻōhiʻa masu ɗimbin yawa, shi ya sa ake ajiye buroshin goge takalmi a bakin hanyoyin daji, kuma an hana fitar da itacen ko furensa daga tsibirin sai da izini.

Hanyar da ta ratsa tsakiyar tsibirin zuwa yankin Kona tana hawa har kusan mita 2,000, kuma a nan na gane amfanin rigar sanyi a ƙasar da ake zaton ba ta san sanyi ba. Dutsen Mauna Kea mita 4,207 ne, ƙanƙara na sauka a kansa. A mararrabar hawansa ne dubban mutane suka tare hanya a Yulin 2019 don hana gina wani ƙaton madubin hangen taurari a wurin da suke ɗauka mai tsarki. Jar riga mai alwatika ruwan ɗorawa da rubutun Kū Kiaʻi Mauna, wato a tsaya a tsare dutsen, daga nan ta bazu, har yau ana ganinta.

A Hōlualoa, ƙauyen masu noman kofi a saman Kona, akwai shagon Kimura tun 1914, inda ake sayar da malafarsu, pāpale lauhala. Mai saƙar kaba zai gane aikin. Ana tsinto busasshen ganyen bishiyar hala, a cire ƙayar gefe biyu da ta tsakiya, a goge, a lallasa, a naɗe kamar gammo. Sai a tsaga da wani allo mai jerin reza, faɗin milimita 3 ko ƙasa da haka ga mai kyau. Daga cibiya ake farawa, piko, a ɗora a kan gungumen katako mai girman kai, a sauko, a buɗe baki ta hanyar ƙara zare. Ɗaga ta ga rana: idan haske na ratsowa ta ramuka, saƙar ba ta matsu ba. Idan ta yi ƙara kamar takarda da ka ɗan lanƙwasa bakin, ganyen ya bushe da yawa, zai karye. Mai siririyar saƙa ɗaruruwan daloli ce, kuma ba a kama ta ta tsinin gaba, nan take fara fashewa. Samari suna sa ta da tishat da silifas, wasu da zagayen gashin tsuntsu.

Kulawa da hana-sallah ta bambanta da ta hularmu, don haka kar a miƙa wa mai wankin hula ba bayani, sitaci da bugu za su karya mata goshi. Ruwan sanyi lita ɗaya, sabulun ruwa ƙaramin cokali ɗaya, tsohon buroshin haƙori. A goge zagayen gumi tukuna, domin gishirin da ke nan shi ke hawa ya yi farin layi a waje. A ɗauraye ba matsewa, a kifa a kan ƙwarya ko kwano mai girman kai, a inuwa. Baƙar auduga da ta bushe a rana ja take komawa. A Hilo abokin gaba fumfuna ne, a gida kuwa ƙurar hunturu ce, wadda gara a kakkaɓe ta a bushe kafin ruwa ya taɓa ta ta zama taɓo.

Wajen haɗa kaya, na tura bayan kowace hula cikin goshinta, na jera su ɗaya cikin ɗaya kamar cokula, na cusa safa a ta ƙarshe, na kewaye su da tishat a tsakiyar akwati. Guda shida suna shiga a tsawon tafin hannu biyu. A filin jirgin Honolulu duk akwatin da zai tafi sauran Amurka sai ya bi ta na'urar jami'an gona kafin a kai shi wurin awo, ana neman ɗanyen tsiro da 'ya'yan itace. Malafar lauhala busasshen ganye ce da aka riga aka saƙa, ta wuce. Ita ba ta shiga akwati, a ka na sa ta har cikin jirgi.